Waya ta ce ciyawar Amurka ce, a bayan garin Daura

Tambaya: Malam, na ga wata ciyawa a kan hanyar Mai'adua, ganyenta ƙanana a jere gefe da gefe, furenta kamar na wake. Na ɗauke ta da Google Lens, manhajar gane abu daga hoto, ya ce Astragalus lentiginosus ce, na duba kuma na ga wai tana haukata dabbobi. In tuge ta kada awakin Baba su ci? Daga wani ɗalibi a Daura.

Amsa: Ƙanena, wannan ciyawa da ka ambata gidanta yammacin Amurka, irin hamadar Nebada da Kalifoniya. Ta ina ta bi ta iso Mai'adua, ko ita ma biza ta samu? Wannan shi ne abin da ke ɓata mini rai da masu waya a yanzu: manhaja ta faɗi magana sau ɗaya, shi ke nan ta zama fatawa.

Google Lens ba ya sanin tsiro, kamanni yake haɗawa. Ya ɗauki hotonka ya nemo wanda ya fi kama da shi a intanet, kuma hotunan ciyayin Amurka da Turai sun fi na Sahel yawa nesa ba kusa ba. Ga shi dangin Astragalus sun kai kusan iri 3,000, babu wani rukunin tsirrai masu fure masu sunan farko ɗaya (genus) da ya kai su yawa. Masana ma ba su raba su da ganye kawai. Sai sun ga kwanson, sun duba gashin da ke jikin ganyen da gilashin ƙara girma. Wadda wayarka ta ambata kwansonta a kumbure yake kamar ƙaramar mafitsara, sau da yawa da ɗige-ɗige. Ka ga wannan? Ba ka ce ba, don na tabbata daga tsaye ka ɗauki hoto ɗaya, da inuwarka a ciki.

Maganar haukata dabbobi gaskiya ce a can, akwai guba a wasu irinsu mai taɓa ƙwaƙwalwar doki da tunkiya. Akwai kuma Astragalus vogelii da ke fitowa a Sahara, don haka ban ce dangin ba su zo Afirka ba. Amma a ƙasarmu mai irin wannan ganye da fure ya fi yiwuwa baba ce ta rini ko wata 'yar'uwarta cikin dangin wake.

Ka sauke PlantNet, manhajar gane tsirrai, ka zaɓi tsirran yankin Afirka maimakon na duniya baki ɗaya. Durƙusa ka ɗauki ganye daban, fure daban, kwanso daban, ka haɗa su a tambaya ɗaya. Ni ba na ɗaukar tsiro sai na ajiye murfin biro a gefensa don a ga girmansa, kuma ban ga dalilin da zai hana kowa yin haka ba. Ka dubi makin da ta bayar. In ta ce kashi 20 cikin ɗari, tana gaya maka ne ita ma lalube take. Daga nan ka ɗora hoton a dandalin iNaturalist da wurin da ka gan ta, can mutane ne masu ido za su duba. Kafin su amsa, ka tsinko reshe ka nuna wa Baba. Mutumin da ya shekara arba'in yana kiwo a wannan dajin ya san abin da akuya ke ci ta kwana lafiya.

Tambaya: Na tura wa malaminmu hoton tsiro ta WhatsApp ya ce bai fito ba. Daga wata ɗaliba a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: WhatsApp yana matse hoto, yana kuma goge bayanin wurin da aka ɗauka. Ki tura shi a matsayin fayil, ta alamar takarda.

Tambaya: Duk sanda na matso da waya kusa da fure sai hoton ya yi hazo. Kyamarar ce ta lalace? Daga wani manomi a Batagarawa.

Amsa: Alhaji, ja da baya kamar taƙi ɗaya, ka taɓa furen a fuskar wayar. Kafin nan ka goge gilashin da bakin riga, na san ka ci ƙosai.