Muna biyan haraji a cikin kuɗin mai, don me za a dawo da kuɗin hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni direban trotro ne, ƙaramar bas ta haya, ina jigila tsakanin Ashaiman da Accra a Ghana. Na ji ana shirin dawo da kuɗin hanya da aka soke. Ba muna biyan harajin gyaran hanya a kowace litar mai ba? Wannan ba biya biyu ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Gaskiyarka, kana biya. Akwai wani kaso a kowace lita da ke shiga asusun gyaran hanya. An kafa Asusun Hanya a 1985, aka sake masa doka a 1997. Kuɗin mai shi ne ƙashin bayan asusun, na shinge, lokacin da ake karɓarsa, ƙari ne kawai.

Matsalar harajin mai ita ce pesewa (ɗari ke yin sidi ɗaya, kuɗin Ghana) ake yankawa a kan lita, ba ya bin farashi. Kwalta da siminti da ƙarfe suna hawa duk lokacin da sidi ya faɗi, shi kuwa yana nan inda aka bar shi sai majalisa ta taɓa. Ga sababbin motoci ba sa shan mai kamar na da, mai motar lantarki kuma ko sisi ba ya bayarwa, alhali hanya ɗaya kuke takawa. Shi ya sa ƙasashe suka fara caji a kan amfani da hanyar ita kanta. Jamus tun 2005 take cajin manyan motoci gwargwadon kilomitar da suka ci a manyan hanyoyinta, da na'ura mai aiki da tauraron ɗan'adam. Jihar Oregon ta Amurka ta fara nata na ƙananan motoci a 2015, ga wanda ya ga dama.

Namu na da ba irin wannan ba ne, kuma ba na kewarsa. Ka tuna shingen Kasoa da safe: layi ya miƙe, injina na ta ƙona mai, yaron mota ya leƙo da kai yana neman canji, duk don ƙaramar mota ta miƙa pesewa 50.  Da aka dakatar da karɓa ranar 18 ga Nuwamba 2021, bayan ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya karanta kasafin 2022, an ce harajin tura kuɗi ta waya zai cike gurbin. Shi ma an soke shi a 2025. Masu karɓar kuɗin, da yawansu masu buƙata ta musamman ne, da mata masu tallan ruwa da burodi a bakin shingen, su suka fara ji a jikinsu.

Amma ga abin da ya fi shafar ka. Ba yawan motoci ke kashe hanya ba, nauyi ne. Wani gwaji da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in ka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar da zai yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Tirela ɗaya da ta yi lodin wuce kima a tashar jirgin ruwa ta Tema, ta nufi Kumasi da Tamale har Paga, tana yin ɓarnar da dubban ƙananan motoci ba za su yi ba. Duba hannun da manyan motoci ke bi a hanyar Kumasi, za ka ga kwaltar ta lotsa ta yi kwari biyu daidai sawun taya. Trotro ɗinka ba ta yin wannan. Harajin mai bai iya bambance ku yadda ya kamata ba, domin tirela ba ta shan mai gwargwadon ɓarnarta. Caji bisa nauyi da nisa ne ke iya wannan, kuma a ganina nan ya kamata a fara: da manyan motoci, a manyan hanyoyi, tare da sikelin da ba a tsallake shi da cin hanci.

Kai fa? In aka dawo da shi a kan babbar hanyar Accra zuwa Tema, wadda Nkrumah ya buɗe a 1965, za ka biya, ƙarshe kuma fasinja ne zai ɗauka a kuɗin mota. Gwamnati ta ce wannan karon da na'ura za a yi, ba da shinge ba. Idan kyamara ce za ta karanta lambar mota a cire kuɗin ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, sai bayanan DVLA, hukumar rajistar motoci, sun zama daidai, in ba haka ba wanda ya sayar da mota bai canja suna ba shi za a riƙa bi bashi.

Zai zama biya biyu ne idan kuɗin bai isa hanya ba, kuma an taɓa gani: dokar 2017 ta sa wa irin waɗannan asusu iyaka, abin da ya haura ya koma baitulmali, 'yan kwangila suna bin bashi. Don haka in shugabannin ƙungiyarku ta direbobin haya, GPRTU, za su zauna da hukuma, su nemi a rubuta cewa kuɗin da aka karɓa a hanya a kanta za a kashe shi, a riƙa wallafa lissafi duk shekara, motocin haya masu zirga-zirga sau da yawa a rana kuma a yanka musu kuɗin wata mai rangwame.