Me Ake Nufi da "Antebellum"?

Tambaya: Malam, ina karatun tarihin Amurka, sai na riƙa cin karo da kalmar "antebellum". Mene ne ma'anarta, kuma za a iya amfani da ita ga kowane yaƙi?

Amsa: Daga harshen Latin aka aro ta. "Ante" na nufin kafin, "bellum" kuma yaƙi, wato kafin yaƙi ke nan. A ƙa'ida babu yaƙin da ba za ta hau ba. Masana dokar ƙasa da ƙasa har yau suna cewa "status quo ante bellum", ma'ana kowa ya koma inda yake kafin a fara gwabzawa. A kan haka Amurka da Birtaniya suka kawo ƙarshen yaƙinsu a yarjejeniyar Ghent ta 1814.

Amma a bakin Amurkawa kalmar ta riga ta zauna wuri ɗaya. In ka ji Ba'amurke ya faɗe ta bai ambaci wani yaƙi ba, to shekarun da suka gabaci yaƙin basasar ƙasarsu yake nufi, wanda aka fara a 1861 aka gama a 1865, musamman a jihohin Kudu. Masana tarihi da dama suna ƙirga zamanin tun daga bayan yaƙin 1812, wato wancan na Amurka da Birtaniya. Lokaci ne na manyan gonakin auduga, da manyan gidajen masu gonakin, masu dogayen ginshiƙai farare, irin waɗanda har yanzu ake zuwa kallo a garin Natchez na jihar Mississippi.

Nan ne nake so ka yi hattara. Wa ya noma audugar? Ƙidayar jama'a ta 1860 ta nuna akwai bayi kusan miliyan 4 a ƙasar. Shi ya sa kalmar take sosa ran baƙaƙen fatar Amurka idan aka yi ado da ita wajen tallata wurin biki ko masauki, tamkar zamanin jin daɗi ake kewa, kuma a ganina suna da gaskiya. A 2020 ma ƙungiyar mawaƙan nan Lady Antebellum ta rage sunanta zuwa Lady A saboda haka. A rubutun tarihi kuwa babu laifi, sunan wancan zamanin ne kawai.

Idan yaƙin duniya kake nufi, a Ingila "pre-war" suka fi cewa, wato kafin 1939, wani lokaci kafin 1914. In kuwa da Hausa kake rubutu, ka ce "kafin yaƙin basasar Amurka" kai tsaye, mai karatu zai fi saurin ganewa.