Fatawa: Uwa za ta iya ba ƴarta ƙodarta? Wan yarinyar da bai balaga ba fa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ƴata ce mai shekara 9 ƙodojinta duka biyu sun daina aiki, kullum muna hanyar wankin ƙoda, likitoci sun ce sai dai dashe. Mamanta ta ce za ta bayar amma wani kawunta ya ce haramun ne, wai jiki amanar Allah ne. Sannan wanta mai shekara 13 shi ma ya ce a cire tasa. Don Allah mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yarinyar nan lafiya ya sa kaffara ne, wallahi tambayar nan ta taɓa ni.

Ya halatta mahaifiyarta ta ba ta. Kawun nata ba daga kansa ya ƙirƙiro maganar ba, akwai manyan malamai da suka hana irin su Sheikh Sha'arawi na Masar, hujjarsu ita ce mutum bai mallaki jikinsa ba balle ya yi kyauta da shi. Amma abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta da sharuɗɗa, saboda ceton rai yana cikin manyan manufofin shari'a, Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 32 wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya, Annabi (SAW) kuma ya umarce mu da neman magani. Yarinyar da ake jona wa inji wajen awa huɗu sau uku a sati, ana auna mata ruwan da za ta sha kamar magani, makaranta ta gagara, girma ya tsaya, ai wannan larura ce ba sai an yi dogon bayani ba.

Sharaɗin shi ne mahaifiyar ta bayar da son ranta ba don kunyar dangi ba, kuma likitoci amintattu su tabbatar ba za ta cutu ba, mutum yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya amma idan gwaji ya nuna tana da ciwon suga ko wata matsala a ƙodar to ta haƙura, ba a gusar da cuta da wata cutar. Ban da ciniki, sayar da ƙoda haramun ne ko nawa aka taya.

Maganar wanta kuwa a'a. Yardar yaro ba ta da ƙarfi a irin wannan, kai ma da kake waliyyinsa ba ka da ikon sa hannu a madadinsa, domin waliyyi yana zartar da abin da yake amfanin yaron ne kawai, ko dukiyarsa shari'a ba ta yarda ka kyautar ba ina ga gaɓar jikinsa. Likitoci ma ba sa karɓa daga yaro kamarsa. Ku sa masa albarka, ku lallashe shi kada ya ɗauka shi ya ƙi taimakon ƙanwarsa.

Ku sani bayan dashen akwai magungunan da za ta riƙa sha kullum don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar, kula da su wajibi ne a kanku, kuma kada a ba ta wani magani ko na kashe zafi ne sai da sanin likitanta. Idan kuɗin ya fi ƙarfinku ya halatta ku karɓi zakka. Wallahu a'alam.