Amsa ga ɗan'uwanmu na ƙasar Ringim: ku dakata da rabon kekunan nan

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce samarinku masu zuwa ci-rani Kano suna dawowa da shaye-shaye da halin daba, awaki da wayoyi na ta ɓacewa, ƙungiyarku kuma ta haɗa kuɗi za ta raba musu kekunan ɗinki da babura. Wallahi ciwon nan shi ke cin mu a ƙasar Kura, shi ya sa na kasa yin shiru. Don Allah kada ku fara da rabo.

Yaron da ƙwaya ta kama, in ka miƙa masa keke yau, ranar kasuwa zai karyar da shi a rabin kuɗi. Kaya su zama na ƙungiya, a ajiye su a shagon mai koyarwa. A rubuta yarjejeniya gaban dagaci da uban yaro ko kawunsa: sai ya yi wata shida yana zuwa kafin a yi zancen mallaka. Kuɗinku su tafi ga ladan oga da abincin rana, domin yunwa ke fara korar su tun makon farko. Kowane oga yara biyu, kada su wuce uku, kuma kada a haɗa 'yan majalisa ɗaya a shago ɗaya, in ba haka ba shagon ne zai koma majalisar. Wanda ya taɓa ƙwacen waya kada a kai shi gyaran waya, tsofaffin abokansa za su riƙa kawo masa kayan sata. A kai shi walda ko kafinta.

Ku da kuke bakin kogin Haɗeja, noman rani ya fi muku babur. A roƙi aron fili a fadama, yara biyar injin ban ruwa ɗaya mai inci biyu, fetur kuma dattijo ne zai sayo, ba a ba su kuɗinsa a hannu. Su fara da alayyafo, wajen wata guda an soma yanka, su ga kuɗi da idonsu. Albasa sai ta yi kamar mako shida a bedi, wato wurin renon iri, bayan dashe a ƙara jiran wata uku ko fiye. Wanda ya saba samun kuɗi a dare ɗaya ba zai jira ta ita kaɗai ba.

Abin da ya fi ƙona min rai 'yan siyasa ne. A garinmu yara sun nutsu, albasa ta fara ƙwai, sai wani ɗan takara ya turo mota da riguna da kuɗi, aka kwashe su yawon kamfe. Tiyo na yashe a gona, ƙasa ta tsattsage, ganye ya kwanta. Aka yi faɗa a wajen taro, aka kama wasunsu, shi kuwa ko waya bai ƙara ɗauka ba. Iyaye mata ne suka sayar da tumakinsu suna zaryar beli. 'Ya'yansa na makaranta, na talaka ya ba gora. Allah ya isa! Har yau in ya zo gaisuwar mutuwa ana shimfiɗa masa darduma. Ku sa a yarjejeniya tun yanzu: wanda ya bi tawagar kamfe ya bar gona, rabonsa ya faɗi.

Wanda ya yi nisa a tiramadol ko kodin, in ya daina farat ɗaya zai yi ta gumi da ciwon jiki da amai, barci ya gagara. Mari da bulala ba sa maganin wannan. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau, sannan a yi zancen sana'a. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma bai daina shigowa ƙauye ba. Mai sayarwa kada ku tunkare shi da kanku, a bi ta hannun dagaci da hakimi a sanar da NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi.

Ku ja kunnen 'yan sintiri su daina aske yara suna zagaya gari da su. Wanda aka tozarta haka Kano zai gudu, ba ku ƙara jin ɗuriyarsa. Ku fara da jagoran samarin nan, limami ko kawunsa ya same shi shi kaɗai a zaure, a ba shi riƙon injin ban ruwan da lissafin fetur.