Amsa ga ɗan'uwan da Velocity ya ƙi ganin fayil ɗin rasit ɗinsa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa mai tambayar Velocity (manhajar Java da ke cika tamfilet, wato fayil ɗin .vm, da bayanai ta fitar da takarda irin rasit), sannu, Allah ya kawo sauƙi. Ka ce kana kiran getTemplate("src/main/resources/rasit.vm"), a kwamfutarka cikin IntelliJ (manhajar rubuta kod) komai na tafiya lafiya lau, amma da ka haɗa jar (fayil ɗaya da ake dunƙule manhajar Java a ciki) ka ɗora a sabar Ubuntu sai ya watso maka ResourceNotFoundException, wai "Unable to find resource", alhali ga fayil ɗin kana kallonsa da idonka. Ka kuma ce Velocity 1.7 kake amfani da shi, oga na ta kiran waya. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don wannan saƙon na san shi kamar yunwar cikina.

Ka fara kwantar da hankalinka, Velocity ba ƙarya yake maka ba. Fayil ɗin yana nan, amma ba inda kake zato yake dubawa ba. Idan ba ka gaya masa komai ba, FileResourceLoader yake ɗauka, hanyarsa kuma ɗigo ɗaya ce tak, wato foldar da aka tayar da Java daga cikinta. IntelliJ daga tushen aikin yake tayarwa, shi ya sa yake ganin src ɗinka. A sabar kuwa babu wata folda mai suna src, ba ta taɓa zuwa can ba. Idan ma systemd, mai tayar da manhajoji a Linux, ne ke tayar maka da shi, kuma ba ka sa WorkingDirectory ba, to daga / yake farawa. Kafin ka taɓa komai, ka buga System.getProperty("user.dir") a sabar, ka ga inda yake tsaye. Kuma ko da rasit.vm yana cikin jar ɗin, wannan mai ɗauko fayil ɗin ba ya shiga cikin jar, abin da ke kan faifai kawai ya sani.

Maganin naka, in Allah ya yarda, shi ne ka mayar da shi ya nema ta classpath, wato wuraren da Java ke neman kayan manhajar, har da cikin jar:

engine.setProperty("resource.loader", "class");
engine.setProperty("class.resource.loader.class", ClasspathResourceLoader.class.getName());
engine.init();
engine.getTemplate("rasit.vm", "UTF-8");

Ka lura na cire src/main/resources gaba ɗaya daga sunan. Maven, mai haɗa maka jar ɗin, yana kwashe abin da ke cikin wannan foldar ya zuba a target/classes, daga nan ya shiga tushen jar, don haka sunan fayil kawai za ka ba shi. Kuma setProperty kafin init, ba bayansa ba. Idan ka riga ka kira init, duk abin da ka rubuta daga baya ba zai kula shi ba.

Bari in gaya maka yadda ni abin ya same ni, don har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Wata makaranta ce mai zaman kanta, suna da manhajar karɓar kuɗin makaranta da wani ya rubuta musu ya tafi. Tsohuwar kwamfutar ofis da abin ke kanta ta mutu ana gobe za a dawo daga hutu, aka kira ni cikin dare a ce in taimaka in tayar da shi a sabar. Abin da aka miƙo min zip ne guda da mutumin ya bari. Na haɗa, ya tashi, ana shiga, sunayen yara sun fito, ana shigar da kuɗi. Da safe iyaye suka cika ofis har waje, layi ya kai bakin get. Kashiya ta shigar da kuɗin mutum na farko, ta danna a fitar da rasit, sai farin shafi da dogon rubutun kuskure.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda mutumin ya tsara kod ɗin: sai an rubuta kuɗin a rumbun bayanai tukuna sannan a nemi tamfilet ɗin rasit. To kuɗi ya shiga, rasit ya ƙi fita. Ita kuma baiwar Allah ta ɗauka bai shiga ba, ta sake dannawa, ta sake. Wani dattijo na tsaye da takardar banki a ninke cikin aljihun gaban rigarsa, yana fitarwa yana mayarwa, yana cewa shi dai a ba shi shaidar ya biya ya tafi kasuwa. A allo kuwa ya nuna ya biya wa yaro ɗaya kuɗi ninki-ninki. Hajiya mai makarantar ta shigo, a gaban iyaye da malamai ta nuna ni da yatsa ta ce, wai an kawo yaro ya lalata mata abin da ya yi shekaru yana aiki. Ni da na kwana ban runtsa ba saboda su. Ban ce uffan ba, amma hannuna rawa yake a kan kibod, ko rubutun da ke gabana ba na iya karantawa sosai.

Da na buɗe velocity.properties sai na ga abin da ya yi. Ya rubuta file.resource.loader.path zuwa wata folda a C:\Users da sunansa, kan Desktop ɗinsa. Wato a tsohuwar kwamfutar ofis ya ƙirƙiri irin wannan foldar da hannu ya zuba tamfilet ɗin a ciki, bai sa su cikin aikin ba, bai rubuta a ko'ina ba, bai gaya wa kowa ba. Zip ɗin da ya bari babu .vm ko ɗaya. Na kira shi ya fi a ƙirga, bai ɗauka ba. Sai da yamma ya turo saƙo, wai shi dai a wurinsa yana aiki. Da na ce don Allah ya turo foldar kawai, sai ya ce sai an biya shi kuɗin duba aiki. Fayiloli ne fa na makarantar, an riga an biya shi kuɗinsu tun da daɗewa. Ban taɓa ganin rashin tausayi irin wannan ba a sana'ar nan. Ya san yara ne da iyayensu ke tsaye a rana, ya san wani ne ake zagi a madadinsa, amma ko a jikinsa. Na bar shi da Allah. Ita ma Hajiyar, da gaskiya ta fito daga baya, ko sannu ba ta ce min ba.

Allah ya taimake ni, kashiyar tana da wani tsohon filash da ta taɓa kwafe Desktop ɗin ofis a ciki, a nan na samu rasit.vm. Na sa shi a resources, na koma classpath, sai kuskuren ya sake fitowa, amma da wani suna daban. A nan ne za ka kula, ɗan'uwa: ka karanta sunan da ke cikin saƙon da kyau, don ba kullum ne fayil ɗin da ka kira ba. A layin farko na rasit ɗin akwai #parse("kai.vm"), mai ɗauke da tambarin makaranta da adireshi. A filash kuwa sunan fayil ɗin Kai.vm ne, da babban harafi. Windows ba ruwansa da wannan bambancin, Linux kuwa a wurinsa fayiloli biyu ne daban. Kai ma idan daga Windows ka tafi Ubuntu, ka duba wannan harafi bayan harafi, har da sunayen foldoji. A cikin jar ma haka ne, babba daban ƙarami daban.

Kuma #parse da #include ba daga foldar tamfilet ɗin da ke kiransu suke lissafi ba, daga tushen mai ɗauko fayil suke farawa. Idan ka sa duka biyun a resources/templates, to getTemplate("templates/rasit.vm") za ka rubuta, a cikin rasit ɗin kuma #parse("templates/kai.vm"), ko da suna zaune kusa da juna. Wannan ya kayar da mutane da yawa.

Kada ka yarda da abin da IntelliJ ke nuna maka a gefen hagu, ka leƙa cikin jar ɗin da kansa. Ka buga jar tf sunan-jar.jar | grep vm a sabar. Idan babu abin da ya fito, to matsalar ba ta Velocity ba ce, fayil ɗin bai taɓa shiga ba. Yawanci an ajiye shi ne a src/main/java kusa da kod, Maven kuma ba ya kwashe abin da ba .java ba daga can sai ka umarce shi. Idan jar na Spring Boot (wani tsarin gina manhajar Java) ne za ka gan shi ƙarƙashin BOOT-INF/classes, idan war ne (ɗan'uwan jar na manhajar yanar gizo) WEB-INF/classes, duka biyun lafiya ne. Na taɓa duba wa wani ƙanena a nan zauren, ashe da Notepad ya rubuta, sunan ya zama rasit.vm.txt, Windows kuma ta ɓoye masa wutsiyar.

Wani abu kuma, don na ga wani a sama ya liƙo maka resource.loaders da resource.loader.class.class. Niyyarsa mai kyau ce, amma waɗannan sunayen na 2.1 ne zuwa sama, wanda ya fito a 2019. Naka 1.7 tun 2010 yake, bai san su ba, kuma ba zai yi maka ƙorafi ba. Shiru zai yi ya koma kan FileResourceLoader ɗinsa, kai kuma ka zauna kana cewa ai na gyara. Idan ka ɗaga log zuwa debug za ka ga layin da yake cewa "adding path" da ɗigon nan, wannan ke nuna maka saitinka bai kama ba. Kada kuma ka ce bari in ba shi cikakkiyar hanya irin /home/wane/rasit.vm a cikin getTemplate. Zai cire sandar farko (/) ya liƙa sauran a kan hanyar da aka saita masa, ka sake faɗawa rami ɗaya. Idan dole sai tamfilet ɗin sun zauna a waje, misali masu ofis na son canza adireshi ba tare da an sake haɗa jar ba, to ka ba file.resource.loader.path cikakkiyar folda irin /opt/manhaja/templates, ka tabbata mai amfanin da ke tafiyar da Java yana da izinin karantawa, sannan don girman Allah ka rubuta wannan a README.

UTF-8 ɗin da na sa a sama ma ba ado ba ne. A 1.7, in ba ka faɗa ba, da ISO-8859-1 yake karanta tamfilet, sai daga 2.0 aka mayar da UTF-8. Rasit ɗinka kuwa zai ɗauki ƙ da ɗ da ɓ da alamar ₦. Ka gama da wannan matsalar, gobe ka ga kalmar kuɗi ta fito a hargitse a takardar da za ka miƙa wa uban yaro.

Tun daga ranar makarantar nan, duk aikin da na karɓa ina sa manhaja ta kira engine.resourceExists a kan kowane tamfilet lokacin da take tashi. Idan ɗaya ya ɓata, ta ƙi tashi gaba ɗaya ta faɗi sunansa. Gara ta mutu a hannuna da dare da ta mutu a hannun kashiya a gaban mutane. Kuma ka duba naka kod ɗin, idan kana rubuta kuɗi kafin ka fitar da rasit, ka sa abin da zai hana a shigar da biya ɗaya sau biyu. Mu sai da muka zauna da kashiyar muna bin takardun banki ɗaya bayan ɗaya muna goge na ƙari, ita tana kuka-kuka don tana tsoron a ce ta ci kuɗi. Kai da duk wanda ke karanta wannan, idan za ka gaji aikin wani, kada ka karɓi zip a tsaye. Ka sa a zauna da shi, a sauko da aikin daga Git a sabuwar kwamfuta, a haɗa, a fitar da rasit guda a gabanka, sannan a sallame shi da sauran kuɗinsa.

Masu ce maka ka watsar da Velocity ka koma Thymeleaf ko FreeMarker masu irin aikinsa, suna da hujja ta wani ɓangaren, don Spring ya cire tallafin Velocity a 5.0, Spring Boot kuma tun 1.5. Amma ba yau ba, ba oga na kiran waya ba. Su ma can idan fayil bai shiga jar ba, ko harafi ya bambanta, haka za su ce maka ba su gan shi ba.

Ka gwada layukan nan huɗu tukuna. Idan ya ƙi, ka turo mana abin da user.dir ya buga, da abin da jar tf ya nuna, da cikakken layin kuskuren yadda yake ba tare da ka gyara sunan fayil ɗin ba. Ina nan har bayan isha'i, zan duba in sha Allahu.