Likita, kifayen gofina suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, na sa kafso abin ya ƙara lalacewa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da tankin gilashi mai cin lita 60 a falo, da ƙananan kifayen ado na gofi 15 a ciki, kusan wata takwas babu abin da ya taɓa samun su. Sati biyu da suka wuce na ƙaro guda huɗu. Bayan 'yan kwanaki sai na ga fararen ɗigo-ɗigo a jelarsu da jikinsu kamar an barbaɗa gishiri, suna goga jiki a duwatsu, sun tsuke jela. Biyu suka mutu. Na koma wajen wanda ya sayar mini, ya ce in wanke tankin da soson filta tas da ruwan famfo, in zuba sabon ruwa, in fasa kafso ja da yalo guda biyu a ciki. Na yi. Yanzu ruwan ya yi gauraye, kifayen sun taru a sama suna haki, biyar sun ƙara mutuwa. Ba ni da hita. Akwai mace mai ciki a cikinsu. Yarana kullum sai sun ƙirga su kafin su tafi makaranta, hankalina ya tashi. In ƙara kafson ne, ko in canza zuwa ja da baƙi?

Daga wata uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ƙara ko ɗaya, ja da yalo ko ja da baƙi. Matsala biyu ce a tankinki yanzu. Ta farko ciwon farin ɗigo ne da sababbin kifayen nan huɗu suka shigo da shi, sanyin Jos kuma ya karya ƙarfin tsofaffin ya kama su. Ta biyu gubar amoniya ce, wato sinadarin da kifi ke fitarwa daga jikinsa ya taru a ruwa, kuma ita ce ta fi yiwuwa ta kashe biyar ɗin baya. Hakin da suke yi a saman ruwa da gaurayewar ruwan bayan wanke filta sun ishe ni shaida. Ita wannan ta biyun ba ta jira, don haka da ita za mu fara.

Yau ɗin nan ki zuƙe rabin ruwan, lita 30, ki mayar da sabo wanda kika ɗiga wa maganin kashe kulorin ɗin da ke cikin ruwan famfo, kuma ɗuminsa ya zo daidai da na tankin. Gobe ki sake, jibi ma haka. Ki daina ba su abinci na kwana biyu, gofi lafiyayye ba ya mutuwa da yunwar kwana biyu, amma duk abincin da ya shiga amoniya yake komawa. Famfon iska ya yi ta aiki dare da rana. In kina da gawayin filta ki sa shi na kwana biyu ya tsotse ragowar maganin, sannan ki cire. Ki nemi abin awon ruwa: amoniya da naitirait (gubar da amoniya ke komawa) dole su kasance sifiri, naitiret kuma (abin da naitirait ke komawa daga baya) kada ya haura miligiram 40 a lita. In kina da wani na kusa mai lafiyayyen tanki, ki roƙe shi ya yanko miki ɓangaren tsohon soson filtarsa a jiƙe, ki cusa a taki. Zai rage miki jira sosai.

Yanzu bari mu zauna a kan maganar kafson nan, domin kusan kullum sai an kawo mini irinta, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Farin ɗigo ba bakteriya ke kawo shi ba. Wata 'yar halitta ce mai suna Ichthyophthirius multifiliis, takan kutsa ƙarƙashin fatar kifi da kunnuwan da yake numfashi da su, ta zauna tana ci har ta kai kusan milimita 1, wato ɗigon da kike gani da ido. Tetrasaikilin da ke cikin ja da yalo ba shi da abin da zai yi mata. Daidai yake da yaro yana fama da ƙwarƙwata a ɗura masa maganin taifot. Ko ainihin maganin farin ɗigon ma ba ya isa gare ta muddin tana cikin fata. Sai ta ƙoshi ta faɗo ƙasan tanki, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya, su fito suna iyo suna neman kifi. A wannan ɗan tsakanin da suke yawo a ruwa ne kaɗai ake iya kashe su. Wanda bai san wannan ba bai kamata ya buɗe baki ya ba wani shawara a kan kifi ba.

To me kafson ya yi? Shi da ruwan famfo sun haɗu sun kashe abin da ke raya tankin. Kin san wannan ruwan ƙasa-ƙasa mai santsi da ke fita in an matse soson filta, wanda mutane ke ƙyama suna cewa datti ne? A nan bakteriyar da ke juya amoniya zuwa naitirait, naitirait zuwa naitiret take zaune. Sati huɗu zuwa shida take ɗauka kafin ta kafu a sabon tanki. Taki ta yi wata takwas tana aiki, aka wanke ta da kulorin cikin minti biyar, aka bi ragowar da maganin kashe bakteriya. Kifi kuwa bai daina fitar da amoniya ba, sai ta taru tana ƙona kunnuwan da tun farko farin ɗigo ya ji wa ciwo. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Za a ce mini, to in ciwon na bakteriya ne fa, ai kafson zai yi. A'a, ko a nan ma da wuya. Kifin ruwan daɗi kusan ba ya shan ruwa, don haka maganin da aka narka a tanki kaɗan ne ƙwarai ke shiga jikinsa, shi ya sa in ciwon na ciki ne a abinci ake haɗa magani. Tetrasaikilin yana ɗaurewa da sinadarin kalsiyam da magniziyam na ruwa ya rasa ƙarfi, haske ma yana lalata shi, gofi kuwa ruwa mai waɗannan sinadaran yake so. Shi kuma ja da baƙi, ampisilin, yawancin bakteriyar Aeromonas da ke kawo gyambo da kumburi a kifi ba sa jin sa ko kaɗan. Kuma wa ya auna? Kafso biyu a lita nawa, na kwana nawa? Babu wanda ya sani, har da wanda ya faɗa. Bayan haka ruwan nan da aka jiƙa da magani kwata ake zubar da shi, ya bi unguwa, yana koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin da gobe ɗan mutum zai buƙata a asibiti. Wannan ya wuce maganar kifin ado.

Na san inda wannan al'ada ta samo asali. Daga wajen kiwon tarwaɗa aka ɗebo ta. Mai tarwaɗa zai watsa magani, ya jiƙa shuwaka ya zuba, ya sauya ruwa gaba ɗaya, kifinsa su rayu, sai ya ɗauka maganin ne ya yi aiki. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman da take shaƙar iskar sarari da ita, tana rayuwa a ruwan da ya kusa zama taɓo. Gofi ɗan kifi ne da bai wuce santimita 3 zuwa 6 ba, asalinsa ƙoramu masu ɗumi na Tirinidad da Banazuwela, da kunnuwansa kaɗai ya dogara. Abin da tarwaɗa za ta shanye ta wuce, shi ajalinsa ne. Sannan ga masu sayarwa da ba sa killace kifi ko na kwana ɗaya: a sauke kaya da safe, a sayar da rana, in sun mutu a gidan mutum a ce ya je kemis. Wasu har kanwa suke cewa a jefa. Kanwa tana ɗaga ma'aunin pH, wato awon tsami ko rashin tsamin ruwa, kuma duk lokacin da pH ya hau, gubar amoniya ƙaruwa take yi. A tanki irin naki jefa kanwa kisa ne kai tsaye. Ki kiyaye.

Maganin farin ɗigon kansa ba shi da tsada. Gofi yana cikin kifayen da suka fi jure gishiri, mu yi amfani da wannan. Ki fara yau da giram 1 a kowace lita, wato giram 60, kusan cokalin cin abinci huɗu a shafe. Ki narka shi a kofi tukuna, ki zuba a hankali kusa da inda filta ke fitar da ruwa. Gobe ki ƙara wani giram 60, jibi ma haka, har ya kai giram 3 a lita, ki tsaya a nan. Gishiri zalla nake nufi, wanda ba a haɗa shi da kayan ɗanɗano ba. Gishiri ba ya bin tururi, don haka in kin zuƙe lita 30, gishirin lita 30 kaɗai za ki mayar. Yana da wani amfanin kuma: yana rage shigar naitirait cikin jinin kifi, wanda za ki yi fama da shi a makonnin da filtar ke farfaɗowa. In akwai tsirrai masu rai, dodon koɗi ko kifin kori mai share ƙasa, ki fitar da su, ba sa jure wannan adadin. Duk sanda za ki canza ruwa ki sa tiyo ki zuƙe tsakuwar ƙasa, domin a nan cutar take kwance tana haihuwa.

Hita kuwa a Jos wajibi ce. Gofi yana son digiri 24 zuwa 27. A muku-mukun sanyin Disamba da Janairu, da damina in aka kwana ana ruwa, tankin da ke falo yakan sauka ƙasa da 20 kafin asuba. Ki sayi mai wat 75 zuwa 100 da ma'aunin zafi. Ki fara kai ruwan 25 a hankali, digiri ɗaya ko biyu a rana. Sai awo ya nuna amoniya ta sauka sannan ki kai shi 28, domin zafi ma yana ƙara mata guba, yana kuma rage iskar da ke cikin ruwa. Amfanin ɗumin shi ne yana hanzarta zagayen cutar: a digiri 25 zuwa sama takan gama cikin ƙasa da sati, a ruwan sanyi kuwa takan ja makonni. In an ɗauke wuta da dare, ki lulluɓe tankin da bargo, ki cika gorar roba da ruwan ɗumi ki rufe ki bar ta tana yawo a ciki. Kada ki taɓa zuba ruwan zafi kai tsaye. Ƙaramin famfon iska mai batir zai cece ki a irin wannan daren.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a daina magani ranar da ɗigon ya ɓace. Ɓacewar ɗigo na nufin cutar ta sauka ƙasa tana shirin dawowa. Ki ci gaba da gishirin har sati guda bayan ɗigo na ƙarshe, jimilla kusan sati biyu, sannan ki rage shi da canjin ruwa. In bayan kwana biyar ɗigon ƙaruwa yake yi, sai a koma ga maganin farin ɗigo na kanti mai malakait girin da fomalin, a bi awon da ke jikin kwalbar, a cire gawayi, a ƙara iska. Ki sa safar hannu, ki ajiye shi nesa da yara, kuma ba a sa shi a kifin ci. Metilin bulu shi ma yana kashe bakteriyar filta, a wani mazubi daban ake amfani da shi.

Abu ɗaya nake so ki duba da fitila kafin ki ɗaga zafi. In farin da kike gani ba ɗigo-ɗigo ba ne a warwatse, faci ne fari-fari a baki ko a gadon baya, jela kuma tana zagwanyewa, to wannan kolumnaris ne, na bakteriya, kuma zafi ƙara masa gudu yake yi. A nan ki bar ruwan a 24, ki ware wanda ya kamu, ki kai wa likitan dabbobi. A nan Filato ba mu da uzuri, ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, ga tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Jos. Kankare fatar kifi a duba a madubin likita aikin 'yan mintuna ne, kuma shi ke raba gardama. In ta kama a ba da maganin bakteriya, likita ne zai zaɓa ya auna. In kuma kin ga jajayen zare suna leƙowa daga duburar kifi, tsutsar kamalanus ce, lebamisol ne maganinta.

Mai cikin nan ki bar ta inda take. Ta riga ta haɗu da cutar, kamawa da canza mata wuri wahala kawai zai ƙara mata, har ta iya zubar da cikin. Gishirin a wannan awon ba zai cutar da ita ba. Cikin gofi sati uku zuwa huɗu ne, ki tanadi wurin ɓuya don 'ya'yan. Wanda ya mutu ki cire shi nan take, kada ki bari sauran su ci.

Soson filta daga yau a cikin ruwan da kika zuƙo daga tankin za ki riƙa matse shi, a bokiti, ba sabulu, ba ruwan famfo. Duk sabon kifi kuma, ko daga hannun wa ya fito, ya yi sati uku a wani mazubi daban da ragarsa daban kafin ya shiga cikin sauran. Kada ki ƙara ko ɗaya sai awon amoniya da naitirait ya tsaya a sifiri na sati biyu a jere.

Ki faɗa wa yaran gaskiya, mai yiwuwa a ƙara rasa ɗaya ko biyu daga waɗanda kunnuwansu suka ƙone sosai, amma in kin fara canjin ruwan yau ina sa ran yawancinsu za su tashi da yardar Allah. Bayan kwana uku ki aiko mini da sakamakon awon ruwan, zafin da ma'auni ya nuna da asuba, da hoton kifi ɗaya daga gefe a cikin haske.