Faffaɗan allo ya iso mana, sitiriyo ne bai biyo shi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan uwanmu ya tambaya ko da gaske ne tun shekarun 1950 ake da faffaɗan allo da sautin sitiriyo (mai fitowa daga ɓangarori daban-daban) a silima, in kuwa haka ne me ya sa duk silimar da ya shiga da ƙuruciya daga wuri ɗaya yake jin sauti. Na daɗe ina aiki a ɗakin majigi, bari in faɗi abin da na sani.

Malam, gaskiya aka gaya maka. Talabijin ce ta tayar da hankalin masu fim a Amurka, mutane suka zauna a gida, silima ta fara bushewa. Sai aka nemi abin da akwatin gida ba zai iya ba. A 1952 aka fito da Cinerama a New York: majigi uku ne ke haska allo ɗaya mai lanƙwasa, sauti kuma layi bakwai a kan nasa zaren fim daban. Abin ya burge, amma tsadarsa ta yi yawa, ga gaɓa biyu da ake gani a inda hotunan uku suka haɗu. Gidaje kaɗan ne suka iya ɗaukarsa.

Wanda ya zaga duniya shi ne CinemaScope na kamfanin 20th Century Fox, da ya fara da fim ɗin The Robe a 1953. Dabarar ta wani Bafaranshe ce, Henri Chrétien, tun shekarun 1920. Gilashin kyamara yana matse hoto daga gefe da gefe har faɗinsa ya koma rabi, ya shiga zaren 35mm da aka saba da shi, gilashin majigi kuma ya sake buɗe shi a allo. Shi ya sa in ka ɗaga zaren ka duba a haske, za ka ga mutane zalo-zalo, fuska doguwa, doki ba ciki. In aka gama tallar finafinai aka shiga fim mai sikof, wato CinemaScope, afareta bai canza gilashi da farantin tagar da haske ke bi ba, haka za su fito a allo, nan take fito da ihu su kaure daga ƙasa. Faɗin allon dā 1.37 ne a kan tsayi 1, sikof ya kai shi 2.55. Kamfanin Paramount ya bi da nasa tsarin, VistaVision, a 1954, Todd-AO ya zo da zaren 70mm mai layin sauti shida a 1955.

To ga inda amsarka take. Sitiriyon CinemaScope layi huɗu ne na maganaɗisu da aka shafa a jikin zaren, irin na kaset: hagu, tsakiya, dama, da na kewayen 'yan kallo. Don a sama musu wuri har ramukan gefen zaren aka rage wa girma. Mai silima sai ya canza haƙoran majigi, ya sayi na'urar karanta maganaɗisu, da amfilifaya, da lasifika uku a bayan allo, da wasu a jikin bango. Hoton kuwa gilashi kawai yake nema da ƙarin allo. Masu ƙananan silima a Amurka ma suka ƙi, har a 1954 Fox ta sassauta ta yarda a riƙa buga kwafi mai sauti ɗaya, wanda fitila ke karantawa. Wurin da wannan layi ya ci ne ya rage faɗin hoton zuwa 2.35.

Ballantana mu. Inda na yi aiki babu rufi, allon bango ne da aka shafa wa farin fenti, ina za ka sa lasifika a bayansa? Kwafin kuma kafin ya iso hannunmu ya zaga gari-gari, ya sha karce, an yanka an liƙa. Layin maganaɗisu ba ya jure wannan, gogewa yake yi, ga ƙurar hunturu. Na fitila kuwa ko ya tsufa zai yi magana. Indiya ta yi fim ɗinta na farko na CinemaScope, Kaagaz Ke Phool, a 1959, Sholay kuma ya fito a 1975 da kwafin 70mm mai sitiriyo, amma wanda muka haska 35mm ne mai sauti ɗaya. Abin yana mini ciwo har yau, don an yi wa finafinai irin Sholay aikin sauti da masu kallonmu ba su taɓa ji ba.

Sai a tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Dolby ya samo yadda za a cusa sitiriyo cikin layin fitilan nan, ta yadda kwafi ɗaya zai yi a silima mai kayan sitiriyo, ya kuma yi a wadda ba ta da su. Daga nan ne abin ya yaɗu.